Marseille 1993: Kofin Turai da kuɗin da aka binne a lambu

1/ Jama'a, tun daren da PSG ta lallasa Inter Milan da ci 5-0 nake ganin yara suna rubuta wai wannan ne karon farko da kulob ɗin Faransa ya ɗauki kofin zakarun Turai. A'a fa. An riga ta da shekara 32. Yau tarihin Olympique de Marseille zan kawo muku. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Abin da ya sa labarin Marseille ya tsaya mini a rai shi ne ranaku biyu: 20 ga Mayu da 26 ga Mayu, 1993. A ɗaya ta ba da cin hanci don a sakar mata wasa. A ɗayar ta doke AC Milan ta zama zakaran Turai. Kwana shida ne tsakani, kuma kusan 'yan wasan guda ne. Za mu iso nan, amma bari mu faro daga tushe.

3/ Marseille gari ne na bakin tekun Bahar Rum, shi ne na biyu a girma bayan Paris. Girkawa daga Phocaea suka kafa shi wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ya sa ake kiran ƙungiyar Les Phocéens. Garin baƙi ne: Italiyawa, Armeniyawa, 'yan Aljeriya, Comoros, Senegal, duk nan jirgin ruwa ke sauke su. Zidane ma nan aka haife shi, ko da yake bai taɓa buga wa ƙungiyar ba.

4/ Ku riƙe wannan, don zai yi amfani a gaba: mutumin Marseille ya tashi ne da yaƙinin cewa Paris ta raina shi. Mulki na can, kuɗi na can, jaridu na can, shi kuma an bar shi da tashar jirgin ruwa da baƙin suna. Ƙwallo ce wurin da yake ramawa.

5/ A 1899 René Dufaure de Montmirail ya kafa kulob ɗin. Da farko wasan zari-ruga ne kan gaba, daga can ma aka gaji takensu, Droit au but, wato kai tsaye zuwa raga. A 1924 suka ɗauki Coupe de France, kuma su ne na farko daga wajen yankin Paris da suka yi hakan. Suka sake a 1926 da 1927.

6/ A 1937 suka ci lig ɗinsu na farko, a shekarar kuma aka buɗe filin Vélodrome. Sunan ya samo asali ne daga hanyar tseren keke da ta zagaye filin a wancan lokaci. Yau yana cin mutum kusan 67,000, babu kulob a Faransa da ke da gida kamarsa.

7/ A 1938 suka kawo wani yaro daga Casablanca, Larbi Ben Barek. Shi ne babban tauraro na farko da Afirka ta ba ƙwallon Turai. Maroko na ƙarƙashin Faransa a lokacin, don haka rigar Faransa ya sa, daga 1938 har 1954. Tun daga kansa, da wuya ka samu Marseille mai kyau wadda ba ɗan Afirka a tsakiyarta.

8/ Lig na biyu ya zo a 1948, sai abubuwa suka taɓarɓare. A 1959 suka faɗa rukuni na biyu. A watan Afrilun 1965 an yi wasa da Forbach a Vélodrome, 'yan kallo 434 suka zo. Ɗari huɗu da talatin da huɗu! Gidan kallo mai kyau a Kano ranar El Clasico ba zai yi nisa da haka ba.

9/ Marcel Leclerc ya karɓi shugabanci a shekarar, ya tayar da ita. Kofi a 1969, lig a 1971, lig da kofi a haɗe a 1972. Kakar 1970-71 ita ce ta Josip Skoblar, ɗan Yugoslabiya, da ya zura ƙwallo 44 a lig. Har yau ba a kamo shi ba a Faransa. Ibrahimovic da duk cika-bakinsa a 38 ya tsaya.

10/ Wanda nake tausaya wa a kakar nan Salif Keita ne na Mali. Ya ci wa Saint-Étienne ƙwallo 42, amma ya zo na biyu. Ka ci 42 a ce ba kai ne gwani ba! Daga baya shi ma Marseille ɗin ya koma.

11/ 1980 aka sake faɗuwa, ga bashi iya wuya, kulob ya kusa rufewa. Yaran makarantar ƙungiyar, waɗanda ake kira Minots, irin su Éric Di Meco da José Anigo, su suka riƙe ta har ta dawo rukunin farko a 1984. Na wuce nan da sauri don mutumin da labarin ke kansa ya iso.

12/ Bernard Tapie. Ɗan talakawa ne daga gefen Paris, ya yi kuɗi ta hanyar sayen kamfanonin da suka durƙushe a kan kuɗi kaɗan, ya gyara ya sayar. Ga baki, ga kwarjini, ga son kyamara. Ƙungiyar tseren kekensa ta ci Tour de France a 1985 da 1986. A 1986 ya karɓi Marseille da goyon bayan magajin garin, Gaston Defferre. Ya sayi Adidas a 1990, ya zama minista a gwamnatin Mitterrand a 1992.

13/ Burinsa ɗaya ne: kofin Turai. Kuma ku fahimci ciwon. Faransawa ne suka ƙirƙiro gasar, 'yan jaridar L'Équipe ne suka kawo shawarar a tsakiyar shekarun 1950. Amma Reims ta sha kashi a wasan ƙarshe a 1956 da 1959 hannun Real Madrid, Saint-Étienne ta sha a 1976 hannun Bayern. Mai abu ya zama ɗan kallo.

14/ Tapie ya buɗe jaka. Jean-Pierre Papin, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a lig shekara biyar a jere, ya kuma ɗauki Ballon d'Or a 1991. Chris Waddle daga Tottenham kan fam miliyan 4.5. Enzo Francescoli, Carlos Mozer, Cantona, Basile Boli, Deschamps, Abedi Pele. Har Beckenbauer ya ɗauko ya yi koci bayan ya ci wa Jamus kofin duniya na 1990, sai dai zaman bai yi nisa ba. Lig kuwa 1989, 1990, 1991, 1992, duk nasu.

15/ Turai ce ta ƙi. A 1990 sun kai wasan daf da na ƙarshe da Benfica, sun ci 2-1 a gida. A Lisbon, saura 'yan mintuna a tashi, Vata ɗan Angola ya tura ƙwallo raga da hannu. Kowa ya gani ban da alƙalin wasa. Aka fitar da Marseille. An ruwaito Tapie ya ce a daren ya gane yadda ake cin kofin Turai. Duk wanda ya san abin da ya biyo baya, wannan maganar sai ta sa shi tsuke baki.

16/ 1991 suka haɗu da Milan ta Arrigo Sacchi, mai riƙe da kofin sau biyu a jere. 1-1 a San Siro. A Vélodrome Waddle ya ci, sai daf da tashi wasu fitilun filin suka mutu. Da aka ce a ci gaba, Galliani ya hana 'yan Milan komawa. UEFA ta ba Marseille 3-0, ta dakatar da Milan shekara guda. Ashe ɗauke wuta ba a gidan kallonmu kaɗai take raba wasa ba.

17/ Wasan ƙarshe a Bari da Red Star Belgrade. Red Star ta zo ne kawai ta tare gida, aka yi minti 120 ba ci. A bugun fenariti Amoros ya ɓarar, aka tashi 5-3. Hoton da ya zagaye Faransa a daren shi ne na Basile Boli, ƙaton ɗan baya haifaffen Abidjan, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ku riƙe sunan.

18/ Kakar 1992-93 ita ce ta farko da gasar ta ɗauki sunan Champions League. Papin ya riga ya koma Milan, Waddle ya koma Ingila. Aka kawo Rudi Völler, Alen Boksic, Marcel Desailly haifaffen Accra, da wani matashin gola, Fabien Barthez. Koci kuwa dattijo ne ɗan Beljiyam, Raymond Goethals, wanda sigari ba ta barin bakinsa.

19/ Rukuninsu: Rangers, CSKA Moscow da Club Brugge. Mutanen Kaduna ku matso. Ƙwallon farko da aka ci a matakin rukuni ƙarƙashin sabon sunan gasar, ranar 25 ga Nuwamba 1992, Daniel Amokachi ne ya ci wa Brugge ita a ragar CSKA. Yaron Ranchers Bees fa. Marseille dai ta yi canjaras biyu da Rangers, ta zuba wa CSKA 6-0, ta ci Brugge 1-0 a wasan rufewa ta wuce.

20/ Milan ɗin da ke jiransu a Munich ba ta wasa ba ce. Capello ke koci. Baresi, Maldini, Costacurta, Rijkaard, Van Basten. Ta ci duk wasanninta 10 a gasar, ƙwallo ɗaya tak aka zura mata.

21/ To kafin Munich akwai wasan lig da Valenciennes, ƙaramar ƙungiya daga arewacin Faransa mai fafutukar kada ta faɗi. Ranar 20 ga Mayu. Marseille na son nasara don ta kusa kulle lig, tana kuma tsoron kada a karya mata wani kafin babban wasa. Wanda ke gudun faɗuwa ai ba ya jin tausayin ƙafar kowa.

22/ Daren jajiberin wasan, ɗan wasan Marseille Jean-Jacques Eydelie da babban manajan kulob Jean-Pierre Bernès suka buga waya otel ɗin Valenciennes. Mutum uku suka nema: Christophe Robert, Jorge Burruchaga da Jacques Glassmann. Eh, Burruchaga ɗin da ya ci wa Ajantina ƙwallon nasara a wasan ƙarshe na kofin duniya a 1986. Buƙatar ita ce su sassauta, a ba su kuɗi. Matar Robert ce ta je ta karɓo ambulan.

23/ Glassmann ya ƙi. Bai tsaya a ƙi ba, ya gaya wa kocinsa, Boro Primorac. Valenciennes ta shigar da ƙorafi wurin alƙalin wasa a ranar. Wasan dai Marseille ta ci 1-0, Boksic ya zura. Robert ya fita tun kafin hutun rabin lokaci wai ya ji ciwo.

24/ Ni abin da ke ci mini rai ke nan. Ƙungiyar da ke da Boksic da Völler da Abedi Pele ta sayi wasa da Valenciennes? Wadda za ta doke Milan bayan kwana shida? Wallahi ba ta da bukata. Amma wanda ya saba sayen kamfani da ɗan wasa da ɗan jarida, ba ya iya barin komai hannun ƙaddara, ko da minti 90 ne.

25/ 26 ga Mayu, filin Olympiastadion. Milan ta fara da zafi, Massaro ya ɓarar da damarmaki, Barthez mai shekara 21 ya tare na Van Basten. Ana daf da tafiya hutu, Abedi Pele ya kutsa ta dama ya samo kwana. Shi ya buga ta da hagunsa. Boli ya tashi sama da Rijkaard ya sa mata kai. 1-0.

26/ Mai kukan Bari shi ya ci. Ɗan Ghana ya bugo, haifaffen Abidjan ya zura, haifaffen Accra na tsare baya. Capello ya sako Papin ya fuskanci tsohuwar ƙungiyarsa, bai canza komai ba. Deschamps ya ɗaga kofi yana da shekara 24. Wannan ne kuma wasan ƙarshe da Van Basten ya buga a rayuwarsa, idon sawu ya gama da shi.

27/ 'Yan Ghana da ke biye da ni, musamman na Tamale: Abedi daga Real Tamale United ya fito, kuma yana Marseille ya fara jera kyautar gwarzon ɗan wasan Afirka, 1991, 1992, 1993. 'Ya'yansa André da Jordan duk sun sa rigar daga baya. Jordan ma a garin aka haife shi.

28/ Bayan kwana uku suka doke PSG 3-1 a Vélodrome, Boli ya sake cin wata da kai daga nesa, suka kulle lig na biyar a jere. Gari ya ɗauki biki. A Valenciennes kuwa mai gabatar da ƙara, Éric de Montgolfier, ya buɗe fayil.

29/ A watan Yuni aka tono faran 250,000 a lambun gidan gwaggon Robert, inda aka binne su. Robert ya amsa. Eydelie ya amsa. Tapie ya musanta. Primorac ya ce an kai shi ofishin Tapie an nemi ya ɗauki laifin a kansa. Wani ɗan siyasa, Jacques Mellick, ya ba da shaidar cewa a lokacin yana tare da Tapie, daga baya aka gano ƙarya ce. A gaban kotu a 1995 Bernès ya fito fili ya ce umarnin daga Tapie ya zo.

30/ Hukunci ya sauko. An ƙwace lig ɗin 1993. UEFA ta hana su kare kofinsu, ta hana su Super Cup da kofin nahiyoyi na Tokyo, Milan ce ta je a madadinsu ta sha kashi a duka biyun, hannun Parma da São Paulo. A 1994 aka jefa Marseille rukuni na biyu. Tapie ya shiga kurkuku a 1997, ya yi kusan wata shida.

31/ PSG ce ta zo ta biyu a kakar, amma ba ta karɓi kambin ba. Tashar Canal+ ce ke da ita a lokacin, kuma bayanin da ya fi yawo shi ne tsoron kada masu biyan kuɗin kallo na kudu su ƙaurace mata. Don haka in ka duba jerin zakarun Faransa, gurbin 1992-93 babu sunan kowa.

32/ 'Yan Arsenal, akwai rabonku a nan. Kocin Monaco da ta zo ta biyu bayan Marseille a 1991 da 1992 Arsène Wenger ne, kuma ya daɗe yana cewa shekarun nan sun bar masa tabo. Primorac kuwa, bayan ya ba da shaida ƙofofi suka fara rufe masa a Faransa. Wenger ya tafi da shi Japan, ya zo da shi Arsenal. Mutumin nan mai shiru da kuka yi shekara 20 kuna gani a benci, shi ne.

33/ Ana yawan tambaya: me ya sa ba a ƙwace kofin Turan ba? Saboda wasan da aka saya na lig ne, kuma babu kotun da ta tabbatar an taɓa wasan Munich. Eydelie ya yi zargin an yi wa 'yan wasa allura kafin wasan a littafinsa na 2006, abokan wasansa suka ƙaryata, UEFA ba ta canza komai ba. A ganina kofin nasu ne, ba a sayen Baresi da Maldini. Amma mai cewa sun isa Munich da ƙafafu lafiya albarkacin ambulan, shi ma ba zan ce ya yi ƙarya ba.

34/ Wanda ya fi kowa biya shi ne wanda bai karɓi ko sisi ba. Glassmann ya zama abin yi wa ihu a filayen Faransa, ana kiransa maci amana. Valenciennes ta faɗi a kakar, daga baya ba ta sabunta masa kwantiragi ba, babu babban kulob da ya neme shi. Ya ƙare yana buga wa ƙananan ƙungiyoyi, har tsibirin Réunion. FIFA ta ba shi kyautar ɗa'a a 1995, bayan sana'arsa ta riga ta mutu. Desailly kuwa ya koma Milan ya sake cin kofin a 1994, Deschamps da Barthez suka ci kofin duniya a 1998.

35/ Marseille ta dawo rukunin farko a 1996, Robert Louis-Dreyfus ya zuba kuɗi. Wasan ƙarshe na Turai uku suka biyo baya, duk asara, ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba: 3-0 hannun Parma a 1999, 2-0 hannun Valencia a 2004, 3-0 hannun Atlético a 2018. Na 2004 shi ne na kakar Drogba. Kaka ɗaya ya yi musu, Chelsea ta zo da fam miliyan 24.

36/ Mutumin da na fi girmamawa a wannan zamanin Pape Diouf ne. Ɗan Senegal ne amma a Abéché ta Chadi aka haife shi a 1951. Ɗan jarida ne, ya zama wakilin 'yan wasa, sannan shugaban Marseille daga 2005 zuwa 2009, baƙar fata na farko da ya shugabanci babban kulob a Turai. A 2006, da aka yi rigima kan tikitin magoya bayansa a Paris, ya ƙi kai manyan 'yan wasa, ya tura yara. Yaran suka riƙe PSG 0-0.

37/ Shi ya ɗauko Deschamps koci kafin a sauke shi, bai zauna ya ci moriya ba. 2010 lig ya dawo bayan shekara 18. Mamadou Niang kyaftin, shi ya fi kowa ci da ƙwallo 18. Ga Mandanda, Diawara, Mbia, ga namu Taye Taiwo da aka ɗauko daga Lobi Stars, mai hagun da ke fasa raga. Shi ya ci ƙwallo ɗaya tilo a wasan ƙarshe na Coupe de la Ligue a 2011 da Montpellier. Diouf ya rasu a Dakar a Maris 2020, korona ce ajalinsa.

38/ A 2011 Qatar ta sayi PSG, daga nan zance ya canza. Jimillar Marseille ta tsaya a lig 9 da Coupe de France 10, na ƙarshe tun 1989. Ba'amurke Frank McCourt ya saye ta a 2016, lig dai bai dawo ba.

39/ Tapie ya rasu ranar 3 ga Oktoba 2021. An shigo da akwatin gawarsa Vélodrome, dubban mutane suka zo suna kuka suna kiransa Boss. A Marseille aka binne shi, shi da yake ɗan Paris. Mutumin da ya jefa su rukuni na biyu ke nan fa. Su a wurinsu shi ne wanda ya sa Paris ta ɗaga kai ta kalle su.

40/ Shekara 32 suna da amsa ɗaya ga duk gorin PSG: tauraron da ke saman tambarinsu. Ranar 31 ga Mayu 2025 PSG ta samu nata, kuma a Munich ɗin, kuma a kan ƙungiyar birnin Milan. Taken da suka daɗe suna rubutawa a kyalle, À jamais les premiers, wato har abada mu ne na farko, shi ya rage musu.

41/ Glassmann yana raye. Ya koma aiki da ƙungiyar 'yan wasan Faransa, UNFP, inda ya riƙa taimaka wa waɗanda suka ajiye takalmi su samu wata sana'a. Zare na gaba in Allah ya kai mu Saint-Étienne ce, don Salif Keita ya cancanci nasa shi kaɗai.